Teku a Kicin ɗin Orfelina

Orfelina Chiguay ba ta iya iyo ba. Shekara ashirin da shida ta yi a kan ruwa, kullum tana cikin kwale-kwalen mijinta, amma ko sau ɗaya kanta bai taɓa shiga ƙarƙashin teku ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a wajenmu, nan kudu da garin Quellón. Rabin masuntanmu in suka faɗa ruwa sai dai a yi musu addu'a. Aikinta shi ne tiyo. Mijinta Belarmino shi ke nutso, ya sauka ƙasa da ƙugiyar ƙarfe da jakar raga yana tsinto bushiyar teku da kumba, ita kuwa tana sama, hannunta a kan tiyon da ke kai masa iska, kunnenta a kan injin da ke hura ta. In ya yi nisa ta sakar masa, in ya matso ta naɗe. Da farko maza sun yi ta yi masa tsiya, wai ya rasa wanda zai riƙe masa numfashi sai mace. Shi kuwa ya ce gara wadda za ta rasa miji in ta yi gyangyaɗi, da ƙaton da ba abin da zai rasa sai abokin shan giya. Daga nan suka kama bakinsu.

A wani ɗan tsibiri aka haife ta, gida bakwai da coci, ta tashi tsakanin dankali da tumaki, ta yi aji huɗu ta bari. Tana da shekara ashirin da uku Belarmino ya je bikin cocinsu, ya taka mata ƙafa a wajen rawa, maimakon ya ba ta haƙuri sai ya ce ita ce ta ajiye ƙafar a hanya. Bayan shekara guda suka yi aure. 'Yarsu ɗaya, Marisel, tana can Punta Arenas da nata iyalin, sai dai waya. Orfelina ba ta da yawan magana, in ta ce maka "ina kwana" ta gama da kai sai gobe. Belarmino kuwa bakinsa ba ya hutawa. Ya zagi iska, ya zagi inji, ya zagi dillalan da ke sayen kaya a bakin gaɓa, ya ce shayinta ruwan wanke-wanke ne, sannan ya miƙo kofi a ƙara masa. Mu maƙwabta mun saba, in muka ji gidan shiru to sun fita teku.

Bushiyar teku ta yi ƙaranci a ruwa marar zurfi, sai aka koma sauka can ƙasa inda bai kamata mutum ya daɗe ba. Wata Talata cikin Oktoba, yana ƙasa, injin iskar ya yi tari sau biyu ya mutu. Orfelina ta finciki igiyar tayar da shi, ta sake fincika, ya ƙi tashi. Wanda iska ta yanke masa a wannan zurfin ba ya tsayawa hawowa a hankali kamar yadda aka koya masa. Belarmino ya taso sama a guje. Ta jawo shi cikin jirgi yana zage-zage, ta ce a ranta an tsira. Suna tsakiyar hanyar komawa ya ce, "Tsohuwa, ba na jin ƙafar nan." Kafin su kai gaɓa ɗayar ma ta bi ta. Ciwon masu nutso ke nan, kumfar iska ta shiga jini ta maƙale a ƙashin baya. Ya yi mako uku a asibiti, ana sa shi cikin wani ƙaton tulun ƙarfe ana fitar da shi, sannan aka dawo mana da shi a keken guragu.

Aka ajiye shi inda muke ajiye duk abin da muke so ya rayu, wato bayan murhu. Murhun ƙarfen kicin ba ya mutuwa a gidajenmu, ko wane wata ne. Baƙo ya shigo a jiƙe, bayan murhu. Tunkiya ta ƙi ɗanta, a sa shi a kwali gefen murhu. 'Yan tsaki, jariri, kakar da ta rikice, duk nan ne wurinsu. Belarmino ya zauna a kan dogon bencin da bargo a cinya, ya juya wa taga baya, ya rufe bakinsa. Ba fushi yake yi ba, da fushi ne ai da sauƙi. In an tambaye shi ya ce "i" ko "a'a", in an ba shi abinci ya ci cokali uku ya ture. Abokansa suka yi ta zuwa da giya da labarai, suna fita suna goge ido, a hankali ƙafa ta ɗauke. Ma'aikaciyar jinyar da ke zagayowa duk wata ta ja Orfelina waje ta ce mata, "Uwargida Orfelina, ƙafa ba ta kashe mutum. Amma wanda ba ya son komai, ni ban ga yadda zai wuce sanyin bana ba."

Orfelina ta ce to. Ta koma ta yi masa wanka, ta juya shi, ta shafa masa mai a baya, ta faskara itace, in ruwa ya janye ta tafi gaɓa ta tsinci ciyawar teku ta shanya ta sayar. Ba ta yi kuka ba. Ta nemi kukan ma, har ta shiga ɗakin dankali ta rufe ƙofa ta zauna jiransa, bai zo ba, sai ta hau ware ruɓaɓɓu daga masu kyau tunda ga ta ga su. Ƙirjinta ya zama kamar ƙafafunsa, ta san da haka, kuma sanin bai dame ta ba.

Cikin Afrilu ta kai shi ganin likita a birni. A ɗakin jira akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa, da 'yan kifaye ja da ruwan ɗorawa, da ciyawar roba, da wani ɗan jirgin roba da aka kifar a ƙasa wai ya nutse. Ta tura kekensa gaban abin saboda nan ne kawai da fili. Ya kalla, ya kalla, sai ya ce, da tsohuwar muryarsa, "Shirme. Wanda ya haɗa wannan ko ƙafarsa bai taɓa jiƙawa ba. Ƙasa ba haka take ba." Ta juyo da sauri, ta tarar ya riga ya koma yadda yake. Amma magana ce cikakkiya, har da raini a cikinta, ta farko cikin wata shida, kuma ita ta yi ta juyawa a mota har gida.

Ta sayar da injin iskar da tiyon, ko waiwaye ba ta yi ba da aka zo ɗaukarsu. Ta je Quellón wajen mai yanka gilashin tagogin jiragen ruwa, ta buɗe hannuwanta iya tsawonsu ta ce akwatin gilashi mai wannan girman take so, mai kauri. Mutumin ya tambaye ta kifin me za ta sa, ta ce ba kifi ba, ƙasan teku. Ya dube ta sama da ƙasa, ya yanka. Ya haɗa mata da ɗan famfo mai hura kumfa. Ruwan kuwa da kanta ta ɗebo, jarka bibbiyu a baro, sahu tara daga gaɓa zuwa gida, ban da yashi da tsakuwa. Ina za a ajiye? Wannan tambayar ko zuwa kanta ba ta yi ba. Ta janye kabad ɗin kwanuka, aka dasa tankin a kicin, taku biyu daga murhu, daidai inda idon Belarmino zai faɗa.

Saura abin sawa a ciki. Ta aika wa Custodio, abokin nutson Belarmino tun suna samari, wanda ya tsaya wa Marisel ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre da komadre. Washegari da rana sai ga shi da buhu a kafaɗa yana ɗiga.

"Komadre, kin ce mafi kyau, ga mafi kyau. Ko dillali ban bari ya leƙa ba."

Ya zazzage a ƙasa. Bushiyoyin teku manya-manya, kumba masu faɗin tafin hannu da aka ɓamɓaro daga dutse da ƙugiya, kowacce da tabon ƙarfe a jikinta, da ƙaguwa biyu da aka ɗaure wa hannuwa da zare. Tun safe suke kwance a bushe cikin jirgi. To, mutumin da ya yi shekara arba'in yana tsinto abinci, in ka ce masa mafi kyau, me kake tsammanin zai kawo maka?

"Kompadre, ba fa ci za mu yi ba."

"Yau ba ci ba, gobe ci. Kallon abinci ai shi ke buɗe ciki. Kai gurgu, ɗago kai ka ga kaya! Wannan daga Baƙin Dutse na ɗauko, inda ka taɓa yin fitsari a riga don tsoron zakin teku."

Belarmino bai ɗago ba. Kwana biyu ƙayoyin bushiyoyin suka fara zuba, rana ta uku ruwan ya yi fari kamar na wankin shinkafa, gidan ya ɗauki wari. Ta kwashe ta binne a bayan lambu, ta wanke tankin, ta sake yin sahu tara.

Ta gane laifin ƙugiya ne da buhu, don haka karo na biyu ba ta aiki kowa ba. Ta jira babbar janyewar ruwa na sabon wata, ta sa takalman roba ta bi duwatsu da bokiti, ta ɗauko ƙanana. Furannin teku, waɗannan masu tsoka da ke manne wa dutse, ba ta ɓamɓare su ba, da dutsensu ta ɗauko. Ta ƙara da taurarin teku biyu, da katantanwa, da wasu 'yan kifaye masu ƙaton kai da ke ɓuya a kwarmi. Ko minti ɗaya ba su yi a bushe ba. Ranar farko furannin suka buɗe. Rana ta biyu suka tsuke, kifayen suka taso sama suna haki.

Abin da ta yi daga nan, kada wanda ya yi mata dariya, don kowace mace a ƙauyen nan abin da za ta yi ke nan. An shiga Yuni, lokacin sanyi a wajenmu, da safe ciyawa ta yi fari fat da ƙanƙara. Ta ga halittu sun takure, sun ƙi ci, sai ta ce sanyi ne. Ta ƙara itace a murhu. Ta ɗauko bargon ulun da ta saƙa da hannunta ta lulluɓe tankin ta baya da gefe. Har kwalbar ruwan zafi ta jingina masa. Kwana huɗu, ta sake ɗaukar shebur zuwa bayan lambu. Ta yi na uku, na ukun ma ya bi sahu, duk a gaban Belarmino, yana zaune taku biyu daga gilashin.

Nélida ce ta warware abin, matar Custodio, wadda ta yi shekara goma tana aiki a gidan rainon 'ya'yan kifi kafin ciwon baya ya zaunar da ita. Duk wannan bidirin ba ta gari, tana can jinyar uwarta. Da ta dawo ta zo kawo wainar dankali, ta ga tanki cikin bargo, ta ajiye kwanon, ta naɗe hannun riga ta tsoma yatsa.

"Komadre! Miya kike dafawa?"

"Sanyi ke kashe su."

"Sanyi? Wayyo Allah. Jira ni." Ta je gida ta dawo da ma'aunin zafi irin na wajen aikinta, ta jefa a ruwan. "Ashirin da uku. Kin san nawa tekun yake yau? Goma! Ko a watan zafi da ƙyar yake kai sha uku. Waɗannan abubuwan sanyi ne ransu. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa guduwa take yi, shaƙe su kike yi da bargonki. Haba komadre, shekara nawa kina ruwan nan?"

"A kai nake. Ban taɓa shiga ba."

Nélida ta ciro ma'aunin daga ruwan. Sai ta juya wajen benci, hannu a ƙugu. "Ita ba ta taɓa shiga ba. Kai fa, kompadre? Kai da kake fitowa leɓɓanka sun yi shuɗi? Ba ka san abin da ke kashe su ba?"

"Na sani," in ji Belarmino.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka ajiye shi."

"Shi ne ka zauna kana kallon baiwar Allah tana tura baro, tana haƙa rami, ka kasa buɗe baki?"

Ya amsa, idonsa a kan bargon cinyarsa. "Me zai canza? Duk abin da aka tsamo daga can aka ajiye a nan, ƙarshensa ke nan."

Nélida ta wanke shi tas, da zagin da ba zan maimaita ba. Orfelina kuwa ta miƙe. Ta cire bargon daga tankin ta ninke shi. Ta tsaya ta ji ko haushi zai zo mata, ko ciwo, amma abin da ta ji kawai shi ne gajiya a kafaɗunta.

Magana ta fito fili: tanki ba zai zauna ɗaki ɗaya da murhu ba. Belarmino kuma ba zai zauna babu murhu ba, don ma'aikaciyar jinya ta sha faɗa cewa ƙafafunsa ba sa gaya masa sanyi, ƙirjinsa kuma ba ƙwari. Sai aka nemo maza huɗu suka ɗauke tankin zuwa ɗakin dankali, can ƙetaren tsakar gida, inda in ka yi numfashi kana ganin hayaƙinsa. Nélida ta kafa mata doka. A bar shi mako uku da yashi da duwatsun gaɓa kawai, ruwan ya zauna. Bayan nan a riƙa sa abu kaɗan-kaɗan, ban da babbar ƙaguwa in ana son kifi ya kwana. A canza jarka biyu duk mako. Abinci kuwa ɗan guntun naman kumba a bakin tsinke, ba a zuba musu kamar kaji ba. Na taɓa tambayar Orfelina me ya sa ta ci gaba, alhali wanda aka yi dominsa ba zai gani ba. Ta ce ta riga ta sayi gilashin.

Abin haushi, wannan karon komai ya rayu. Furannin suka buɗe ja da kore suna kaɗa yatsunsu, tauraron teku ya hau gilashi a hankali da ɗaruruwan 'yan ƙafafunsa, kifin nan mai ƙaton kai ya zaɓi kwarminsa yana korar kowa. Kullum bayan abincin rana Orfelina takan zauna a kan buhun dankali, awa guda, tana kallo. Ba ta ba shi labari ba, shi ma bai tambaya ba. Ta daina lallashinsa. Cokali uku ya koma biyu, kumatunsa suka faɗa. Wata rana da aka ɗan yi rana ta fito da baƙar kwat ɗinsa ta aure, ta shanya, ta goge, ta mayar inda za ta same ta da sauri.

Cikin Agusta Nélida ta leƙo shan shayi, suna zaune a kicin, Orfelina take gaya mata wata 'yar ƙaguwa ba ta da lafiya, ciyawa sai tsirowa take a bayanta. Sau uku ke nan tana kankare mata da tsohon buroshin haƙori, washegari ta tarar ta dawo. Nélida ta ce ita kifi ta sani, ba ta san ciwon ƙaguwa ba. Belarmino na bayan murhu yana jin su.

Washegari wajen tsakar rana Orfelina tana hawowa daga gaɓa da jarkokinta, ta ɗaga kai ta ga bututun gidanta ba hayaƙi. A nan, cikin Agusta, gida da mutum a ciki kuma ba hayaƙi, abu ɗaya yake nufi. Ta bar wuta tana ci, ta bar itace kusa da hannunsa, kuma jefa itacen nan shi ne kaɗai aikin da bai daina ba. Ba ta yi gudu ba. Ta ajiye baron, ta sa masa dutse a ƙafa kada ya gangara. Tana tafiya tana tunanin wa za ta aika ya aro bencunan zaman makoki a coci, da wace tunkiya za a yanka, da yadda za ta fara gaya wa Marisel. Ta tura ƙofa.

Yana zaune, da ransa. Ya ja jiki har soro ya ciro rigar robarsa ta nutso daga ƙusa ya sa, gwiwoyin hannunsa duk ƙasa. Ya juye butar shayi a cikin murhu, toka ta jiƙe sharkaf. Ya tura tagar da sanda ta buɗe.

"Wace irin mace ce ke wanke ƙaguwa da buroshi?" ya ce. "Rigarta ce! Da kanta take dasa ciyawar don ta ɓuya. Sau uku kina tuɓe baiwar Allah tsirara. Bar ƙofar a buɗe. Ina abin nan na Nélida?"

Ta je ta ɗauko ma'aunin, ta rataya a bango, suka jira.

"Nawa?"

"Sha ɗaya."

"Ya yi. Gaya wa wancan sakaran Custodio ya zo da mutum huɗu su dawo da tankin nan. Kuma ki kwashe ruwan kafin su ɗaga, kada su fasa."

"Tsoho, sanyi zai kama maka ƙirji. Ma'aikaciya ta ce..."

"Na ji abin da ta ce. Ƙafata ce ta shanye, ba kunnena ba."

Ashana tana can saman kantar bango, inda hannunsa ba ya kai. Busasshen itace na nan a jibge. In ta kunna, ba yadda zai yi da ita. Ta daɗe a tsaye tana duban ashanar, ta san abin da take zaɓa sarai, ba wanda zai ce ba ta sani ba. Sannan ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi kiran Custodio.

Wata goma sha huɗu gidan ya yi ba hayaƙi a bututun kicin. Girki ta koma yi a tsohuwar bukkar da ake ƙyafe kifi, ta kawo abincin a rufe. Takan jera masa kwalaben ruwan zafi a ƙafafu, ta naɗe shi da bargo uku a kan rigar robar. Da watan zafi ya zo Nélida ta samo tsohuwar firiza aka ajiye a baranda, aka naɗe dogon tiyo a cikinta, ruwan tankin yana bi ta ciki yana dawowa da sanyinsa. Baƙi sukan sha shayi da rigunan sanyinsu a jiki, ba sa daɗewa. Ma'aikaciyar jinya ta yi faɗa har ta gaji.

Shi kuwa sai ba da umarni. Wannan dutsen ba a nan yake zama ba, a juya shi. Wane jahili ne ya sa tauraro kusa da kumba? Custodio ya zama ɗan aike, ana ba shi bokiti mai murfi ana gaya masa wane gefen Baƙin Dutse zai sauka, da zurfin, da girman abin da zai ɗauko, in ya kawo babba a kore shi ya mayar. Belarmino yakan nuna wa Orfelina da sandarsa ya ce ga irin wurin da yake rarrafe duk lokacin da ta ji tiyo ya tsaya cak, ga abin da ya yanke masa yatsa shekarar da aka haifi Marisel. Yana cinye kwanonsa ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ba zan ce ta koma mai fara'a ba, Orfelina ce. Amma wata rana ina wucewa na ji muryarta ta taga tana ce masa in ya fi ta iyawa ya tashi ya yi da kansa.

Sanyin farko ya yi tari ya warke. Na biyun, a ƙarshen Satumba, tarin ya sauka ƙirji. Kwana tara ya yi, ya rasu da hantsi.

Yayarsa Ercilia ta iso daga garin Castro a motar farko. Ta shiga kicin, sanyi ya dake ta, ta dubi murhun da ya yi tsatsa, ta dubi tankin. Dole a dafa wa masu zaman makoki abinci, don haka mata suka kwashe tsohuwar toka suka hura wuta, ba wanda ya hana su. Ercilia ta jira har ɗakin ya cika sannan ta yi magana.

"Ke kika kashe mini ƙane. Mutum gurgu, kika bar shi cikin ƙanƙara saboda ƙaguwa. Ba ki ji kunya ba, Orfelina?"

Masu feraye dankali suka tsaya da wuƙaƙensu.

"Sanyin ne ya kashe shi, Yaya," in ji Orfelina. "Ban musa ba. Da na kunna wutar, da tun bara kika zo wannan zaman, kuma da ya tafi bai ƙara ce mini komai ba. Shekaranjiya ma sai da ya ce miyata ba daɗi. Ya sha kwano biyu."

Orfelina ta juya wajen tankin. Ta dubi ma'aunin da ke cikin ruwan, ya riga ya fara hawa. Ta fita ta dawo da bokitai, ta naɗe hannun baƙar rigarta, ta shiga tsamo halittun ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dutsensa. Custodio na tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Kompadre, kai ka san inda ka ɗauko kowanne," ta ce. "Je ka mayar kafin ruwa ya juya."